Gara Seiko na Gaskiya da Rolex na Ƙarya

Jama'a, yau faɗa na zo yi, kuma a kan ɗan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato agogon hannu. Duk mai zuwa ɗaurin aure ko suna ko taron ƙaddamar da littafi a garuruwanmu ya san inda na dosa. Ka tsaya ka dubi hannuwan mutane lokacin da ake gaisawa, sai ka rantse kamfanin Rolex a bayan kasuwar Sabon Gari yake da masana'anta. Malamin makaranta Rolex, mai shagon cajin waya Rolex, akawun da ya yi wata biyu bai ga albashi ba shi ma Rolex. Wanda bai samu Rolex ba ya ɗaura Patek Philippe ko Hublot, sunan da ko harshen mai agogon ba ya iya juyawa. Abin takaicin kuma, kowa a wurin ya san na ƙarya ne, har da wanda ya ɗaura.

Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to bari in faɗi da wanda nake. Ba da ɗan dako nake ba, wanda ya tsaya gaban mai faranti ya sayi agogon roba don ya riƙa sanin lokaci, bai ma karanta abin da aka rubuta a fuskarsa ba. Wannan babu ruwansa. Da kai nake, mai ɗan abin hannu, wanda ya tara kuɗin da zai ishe shi sayen agogo na ƙwarai mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi, amma ya kwashe su ya kai wa mai jabu, ya rage murya ya ce a ba shi "wanda ba a iya ganewa". Da kuɗin nan da ka zubar, da ka sayi ɗan agogo otomatik na Japan wanda ba ya jin kunyar sunansa, ka ɗaura kullum, ka je kasuwa da shi, ka je ofis da shi, ya yi maka shekaru, wataƙila ma ɗanka ya gada.

Mu fara da lissafi. Rolex Submariner na ƙarfe zalla, wanda babu ko ɗigon gwal a jikinsa, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma farashinsa a shagon kamfanin ya haura dala 9,000. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,500 a 2024. Ka buga da kanka, sama da naira miliyan 13 ke nan a wancan canjin. To, Malam, kai da ka sauko daga a-daidaita-sahu kana jayayya da direba a kan canjin naira 50, wa kake so ya yarda akwai miliyan 13 ɗaure a tsintsiyar hannunka? Wanda ya san agogo kallo ɗaya zai yi maka ya kau da kai yana murmushi. Wanda bai san agogo ba kuwa, da Rolex da Rolax duk ɗaya ne a wurinsa, ba ka burge shi da komai ba. Mutum ɗaya ne kawai jabu ke ruɗa, shi ne ɗan ƙwacen da ke laɓe a bakin titi bayan magariba, wanda ba shi da lokacin dubawa. Ka ga ke nan ka biya kuɗinka ka sayo wa kanka wuƙa.

Wani zai ce ai nasa ba irin na faranti ba ne, na musamman ne da aka yi masa odarsa daga Dubai ko Guangzhou, har nauyinsa ɗaya da na gasken. Wannan shi ya fi ba ni haushi. Manyan jabun nan da ake taƙama da su daloli ɗari-ɗari ake sayensu, wato sun fi sabon Seiko na gaske tsada. Ka biya kuɗin gaskiya ka karɓi ƙarya, babu garanti, babu wanda za ka kai wa ƙara, don ba ka isa ka je kotu ka ce an cuce ka wajen sayen kayan cuta ba. Idan kuma tafiya ta kama ka zuwa Faransa ko Suwizalan, ka sani jami'an kwastan na can suna da ikon ƙwace jabu ko da na ɗaurawarka ne ba na sayarwa ba.

Kafin in yi nisa, ya kamata mu fahimci abin da ake kira otomatik, domin a nan ma akwai wata ƙaryar da ta daɗe tana yawo. Tun muna yara muke jin ana cewa akwai agogo "mai aiki da jini", wai bugun jijiyar hannunka ne ke tafiyar da shi, wai idan mai shi ya mutu shi ma sai ya tsaya. Har yanzu akwai masu sayarwa da ke faɗar wannan da ƙarfin zuciya don su ƙara kuɗi. Babu ruwan agogo da jininka. A cikinsa akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai nauyi, siffar rabin faranti, an kafa shi a kan ƙusa ɗaya a tsakiya. Duk lokacin da ka motsa hannu sai nauyinsa ya sa ya juya, juyawar nan ita ke ɗaure wani dogon sifirin da aka naɗe cikin ɗan gwangwani. Aikin da kakanninmu ke yi da yatsa kowace safiya idan suna yi wa agogo wani, shi ne faifan nan ke yi da kansa. Shi kuma sifirin yana kwancewa sannu a hankali, ƙarfinsa na bi ta cikin 'yan faya-fayai masu haƙora har ya isa ga wani ɗan zobe mai lilo, wanda shi ne ke yanka lokaci gunduwa-gunduwa. A yawancin masu araha zoben nan na bugawa sau 6 a daƙiƙa, sau 21,600 a awa, sama da sau rabin miliyan a kwana. Ba dare ba rana. Ba banza aka yi masa kirari da sarkin aiki ba. In kana shakka, ka ɗaura shi a jikin taɓaryar mai daka, ka ga ko ba zai yi tafiyarsa ba. Ka kuma ɗaura wa marar lafiyar da ke kwance ba ya motsi, jininsa na gudu lafiya lau, bayan kwana biyu ka tarar agogon ya tsaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Baturen Ingila mai suna John Harwood ne ya fito da agogon hannu mai ɗaure kansa a shekarun 1920, sai Rolex ya zo a 1931 da faifan da ke zagayawa gaba ɗaya. Ka ga ba ƙin Rolex nake yi ba, ya yi aikin da ya cancanci sunansa. Amma wanda ya sauko da abin nan daga hannun attajirai ya kawo shi hannun leburori shi ne Seiko, gidan da Kintaro Hattori ya fara da ɗan shagon gyara da sayar da agogo a Tokiyo a 1881. A 1959 suka ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke sa faifan ya ɗaure sifirin ko ta wane gefe ya juya, da kayan aiki kaɗan, ga sauƙin gyara. A 1963 kuma suka fito da Seiko 5. Lambar 5 ɗin nan alkawura ne: ya ɗaure kansa, ya nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya, ya jure ruwa, kunnen saita shi ya ɓuya wajen ƙarfe 4 don kada ya riƙa karo, jikinsa da sarƙarsa kuma su jure wahala. Ba su yi alkawarin zai sa a kira ka Alhaji ba.

Su kuwa alhazan namu na da, ai shi suke sayowa. Duk wanda ya girma a gidan da aka je Makka a shekarun 1970 da 1980 ya san tsarabar Seiko 5 da Orient mai taurari uku da Citizen da Rado. Da yawa daga waɗanda aka sayo a Jidda ranakun mako da Larabci suke nunawa, saboda kasuwar ƙasashen Larabawa aka yi su. Irinsa ne a hannuna yanzu haka da nake wannan rubutu, gilashinsa ya sha ƙarce, sarƙarsa ta saki tana ƙara kamar ta makullai, amma bai taɓa kwana a tsaye ba sai in na ajiye shi. Mutanen da suka sayo waɗannan agoguna ba su fi mu kuɗi ba. Abin da suka fi mu shi ne ba sa jin kunyar a gan su da abin da ƙarfinsu ya kai. Yau kuwa har cikin akwatin lefe an cusa jabu, a jera wa amarya agoguna shida masu manyan sunaye, kafin a yi sunan fari duk sun koɗe.

Koɗewar nan ba tsautsayi ba ce. Na taɓa zama wurin wani dattijo mai gyaran agogo, irin masu ɗan tebur da akwatin gilashi a bakin kasuwa, madubin ido ɗaya maƙale a fuska, hantsaki a hannu. Ya jawo min aljihun teburinsa, cike da gawarwakin manyan sunaye da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Ƙananan jabu jikinsu ba ƙarfen da ba ya tsatsa ba ne, tutiya ce ko tagulla aka watsa wa ruwan gwal ko na azurfa. Gumin watan Afrilu ɗaya ya ishe shi, sai ruwan ya saɓule, ya bar maka koren tabo a hannu, wani har da ƙuraje. Zoben robar da ke hana ruwa da ƙura shiga ko dai babu shi ko an sa na jeka-na-yi-ka. Ƙananan agogunan nan uku da ake zanawa a fuska da maɓallan gefe, a wasu ado ne kawai, ka danna har yatsanka ya gaji babu abin da zai motsa. Injin kuma ba shi da suna ba shi da lamba, an haɗa shi ko mai ba a ɗiga masa sosai ba. Idan wani ƙarfe ya karye a ciki, a ina mai gyara zai samo irinsa? Sai ya ce maka ka yi haƙuri. Amma ka kawo masa Seiko 5 da aka yi kafin a haife ka, zai buɗe ya wanke ya sa mai, in wani abu ya ci ya ciro daga wani tsohon, domin an yi miliyoyinsu iri ɗaya.

A nan ne abin ya wuce batun ado. Sana'ar dattijon nan mutuwa take yi a gabanmu, kuma mu ne ke kashe ta. Mutumin da ya iya warware inji mai ƙananan ƙarafa masu ɗimbin yawa ya mayar da kowane mazauninsa, yau ya koma canza batir da huda maɗauri. Wane yaro ne zai zauna shekara biyar yana koyon aikin da babu mai kawowa? Kowane jabu da aka saya aka jefar, aikin gyara ɗaya ne aka hana wani. Ranar da na ƙarshensu ya tashi daga bakin kasuwa, har mai Rolex ɗin gasken sai ya hau jirgi kafin a ɗiga wa agogonsa mai.

Na san abin da masu wayo za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce da otomatik ɗin naka da jabun duk ɓata kuɗi ne, tunda ga waya a aljihu, ga agogon batir da ya fi kowane otomatik daidai. Gaskiya ne, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka ba haka ba maƙaryaci ne. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ɗin nan dai ya fito da Astron, agogon hannu na farko a kasuwa mai aiki da batir da ɗan gutsuren dutsen ƙanƙara da Turawa ke kira kwaz. Yen 450,000 aka sa masa, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗi warwas, ya kusa rusa masana'antar Suwizalan, inda ma'aikatan agogo suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Ɗan dutsen nan na agogon batir na yau yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, ina zoben da ke bugawa sau 6 zai kamo shi? Agogon batir na iya kuskuren daƙiƙa 15 ko 20 a wata. Otomatik mai araha na iya yin wannan kuskuren a kwana ɗaya, kuma kamfanin bai ɓoye ba, yana rubuce a takardarsa. Casio F-91W, ɗan baƙin robar nan da ya fito a 1989, batirinsa kan yi wajen shekara 7, kuma ya fi Rolex na gaske riƙe lokaci. Wanda ya ɗaura Casio ba ni da faɗa da shi ko kaɗan, mutumin kirki ne mai gaskiya, sunan da ke fuskar agogonsa shi ne sunan wanda ya yi shi.

To me ya sa nake cewa otomatik? Na farko saboda batir a ƙasar nan abin tsoro ne. Duk canjin batir sai an buɗe bayan agogo, sau da yawa a bakin titi cikin ƙura, da bakin wuƙa, a mayar da murfi ba a kula da zoben roba ba. Batirin da za a sa maka kuma sau tari na banza ne, wata shida ya mutu, in ka bar shi ciki ya zubo ruwa ya cinye injin. Otomatik ba ya neman komai a wurinka sai ka ɗaura shi ka yi harkarka, bayan wasu shekaru a wanke a sa mai. Na biyu, abin da aka yi da ƙarfe da sifirin ana iya gyara shi da hannu, shi kuwa allon lantarki in ya ƙone sai dai a sauya, in an daina yinsa shi ke nan. Na uku ba hujja ba ce, sha'awa ce, kuma ba na jin kunyarta: ina son in kara shi a kunne in ji yana aiki, ina son yadda hannun daƙiƙarsa ke tafiya sumul ba tsalle-tsalle ba. Batun kuskuren daƙiƙa 20 kuwa, don Allah a bar ba ni dariya. Mu da ake kiran taro ƙarfe 10 a fara ƙarfe 12, babban baƙo ya iso ƙarfe 1 a miƙe a tafa masa, mu ne za mu tsaya ƙorafin minti biyu a mako? Ran Juma'a ka saita shi da rediyo ko da wayarka, magana ta ƙare.

Akwai kuma wasu 'yan boko masu ɗaga hanci, waɗanda su ba sa ɗaura jabu amma su ne ke tura mutane ga jabu. A wurinsu in agogo ba daga Suwizalan ya fito ba to ba agogo ba ne, araha ba ta ado. Wannan raini ne ke sa saurayi ya ga gara ya ɗaura ƙaryar Suwizalan da gaskiyar Japan. Su je su bincika tarihi. A ƙarshen shekarun 1960 Seiko ya shiga gasar daidaiton agogo da ake yi a can Suwizalan ɗin, ya kai sahun gaba a gidansu. Rolex ɗin da suke wa sujada ma a Landan aka kafa kamfanin a 1905, kuma Bajamushe ne, Hans Wilsdorf, ya kafa shi, daga baya ya koma Janiba. Tambarin Swiss Made kansa, bisa dokar da ta fara aiki a 2017, ba ya nufin kowane ƙarfe a can aka yi shi. Cikin sharuɗɗan akwai cewa kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙerawa ya kasance a ƙasar aka kashe, sauran yana iya fitowa daga ko'ina, har da ƙasar Sin da suke wa dariya.

Shi ma Seiko ba zan ƙyale shi ba. Shekara da shekaru ana samun ƙaramin Seiko 5 mai injin 7S26, wanda ya fito a 1996, a ƙasa da dala 100. A 2019 suka sabunta jerin, suka sa inji mafi kyau, amma farashi ya haura dala 200. Agogon talaka ya fara sa babbar riga. Sa'ar da aka yi ita ce ba su kaɗai ne a fage ba. Ga Orient, wanda aka kafa a 1950, yanzu yana ƙarƙashin Epson, yana ƙera injinsa da kansa. Ga Citizen da injinsa Miyota da ke cikin agoguna bila adadin. Ga Vostok Amphibia na Rasha, tun 1967 ake yinsa, mummuna ne kamar tukunyar ƙarfe amma an yi shi ya jure zurfin mita 200. Sannan ga abin da ya sauya kasuwa a 'yan shekarun nan: Seiko na sayar wa wasu kamfanoni injinsa mai lamba NH35, mai duwatsu 24, wanda kan yi wajen awa 40 bayan an cire shi daga hannu, ana iya yi masa wani da yatsa, kuma hannun daƙiƙa na tsayawa idan ka ja kunnen don saitawa. Kamfanonin Sin da dama na saka shi cikin jikin ƙarfe marar tsatsa su sayar a wajen dala 100, wasu ƙasa da haka. Ranar da injin ya gaji, sabonsa sukutum 'yan gomman daloli ne.

A kan waɗannan na Sin ɗin ne abokaina ke cewa na yi tufka da warwara. Ai irin su Pagani Design da San Martin, in ji su, siffar manyan agoguna suke kwaikwaya, me ya raba su da jabu? Abin da ya raba su shi ne suna. Telan unguwarku na iya ɗinka maka riga irin ta sarki, ba laifi ya yi ba, kai ma ba ka ce kai ne sarki ba. Wanda ya sassaƙa hatimin sarki ya buga a takarda shi ne ɗan damfara. Wanda ya rubuta sunansa a fuskar agogo ya ba ka damar ka zage shi in ya lalace, ka gaya wa wasu kada su saya. Mai jabu ya ɓuya bayan sunan wani. Duk da haka, in ka tambaye ni, na fi son wanda bai yi kama da kowa ba. Kwaikwayon siffa ba sata ba ce, amma akwai ɗan ƙanshin son a ɗauke ka wani a cikinsa, kuma cutar da nake faɗa da ita ke nan tun farko.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ruga kasuwa ya ce a ba shi Seiko 5 ya ɗauka ya tsira. Shi ma ana jabunsa, don duk abin da ke da kasuwa yana da ɓarawo. Akwai kuma wani nau'in da ya cika shagunan intanet, yawanci daga Indiya, musamman Mumbai: a tattaro tsofaffin injuna da suka gaji, a zuba cikin jikin da ba nasu ba, a yi wa fuskar sabon fenti mai kalar da kamfanin bai taɓa yi ba, a sayar da sunan tsohon Seiko ko Citizen ko HMT. Idan ka ga tsohon agogo fuskarsa na walƙiya kamar jiya aka yi shi, kuɗinsa kuma bai kai na buhun gawayi ba, ka wuce. Seiko na gaske yana da lambar inji da ta jiki a bayansa, lambar injin nan kuma tana cikin ƙananan rubutun da ke ƙasan fuska. In ba su dace ba, an yi aure tsakanin baƙi.

Yawan duwatsu ma kada ya ruɗe ka. Duwatsu 21 ko 24 da ake rubutawa ba lu'ulu'u ba ne da za ka cire ka sayar. Yaƙutu ne na masana'anta, ƙanana kamar ƙwayar gero, an sa su ne inda ƙarafa ke gogayya don kada su ci juna. Abin da ya fi su muhimmanci a wurinmu shi ne ruwa, domin mu mutane ne masu taɓa ruwa sau da yawa a yini. Rubutun 30M ba ya nufin ka nutse mita 30, ma'anarsa ya jure fantsama da yayyafi. Mai alwala da agogo a hannu ya nemi mai 100M, ya kuma tabbata kunnen a tura yake, ko kuwa ya riƙa cirewa. Zoben roba yana tsufa, zafin ƙasarmu na busar da shi, don haka ko mai 100M ɗin in ya shekara biyar ba a duba shi ba kada ka amince masa. Sai gilashi: ƙurar hunturu na ɗauke da yashi, yashi kuma ya fi gilashin yau da kullum tauri, shi ya sa goge shi da gefen riga ke barin zane. Gilashin safaya ya fi jure wannan, in ƙarin kuɗin bai yi yawa ba ya cancanta.

Sauran abin da ke sa mutane su ce otomatik ba shi da kyau, yawanci rashin sani ne, kuma laifin masu sayarwa ne da ba sa bayani. Mutum ya cire shi daren Juma'a ya ajiye, ya ɗauka ran Litinin ya ga ya tsaya, ya ce an cuce shi, alhali awa 40 ɗinsa ce ta cika. Mai tsohon inji 7S26 ya yi ta murza kunne bai ji komai ba, bai san shi wannan ba a yi masa wani da yatsa ba, girgiza shi ake yi a hankali na ɗan lokaci sannan a ɗaura. Wani ya kwantar da shi kan rediyo ko kan waya kowane dare, maganaɗisun lasifika ya kama siririn sifirin ɗin da ke cikin zoben lilo, agogo ya kama gudu yana ƙara mintoci a yini, abin da mai gyara mai na'urar cire maganaɗisu zai warware kafin ka gama gaishe shi. Wani kuma ya tashi sauya kwanan wata da tsakar dare, lokacin da haƙoran da ke juya kwanan suka riga suka kama aiki, ya karya su. Tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba ba a taɓa kwanan wata.

Sayen ta intanet daga waje yana da arha a ido, amma ka haɗa da kuɗin kawowa da abin da kwastan za su iya nema, ka kuma tuna garantin da ke Singafo ko Hong Kong ba ya yi wa mutumin Gusau amfani sai in zai biya kuɗin mayarwa. Shi ya sa ni na fi son a saya a inda ake iya komawa. In za ka je, kada ka tafi da abokin da ya iya ciniki, ka tafi da mai gyaran agogo, ka biya shi ladan ƙafarsa. Shi zai duba lambobin, ya kara a kunne, ya girgiza ya ji ko faifan na juyawa sumul ko yana gogar murfi, in bayan ba na gilashi ba ne ya nemi a buɗe. Mai shagon da ya yi ta rantsuwa cewa orijina ne daga Dubai, amma da aka ce a buɗe baya ya ce sai an biya tukuna, ka ajiye masa kayansa a kan tebur ka shiga shago na gaba.